Iya Dokun da Kirarin Gidan Maƙera

Rigimar farko da Ajike ta yi a gidan miji ƙasa ta sha, kuma har yau in tsofaffin unguwar maƙera ta Iseyin suna son dariya, ita suke tonowa.

Tana amarya ɗanya shakaf ta fito da safe gaida surukinta, Baba Alagbede. Gaisuwar maigida kuwa ba ta cika sai mace ta zube gwiwa bibbiyu ta yi masa oriki, kirarin kakanninsa. Ita baiwar Allah, da rawar kai, ba ta jira an koya mata ba. Ta ji wani mai daɗi yana tsallako katanga kullum, ta haddace abinta. Ta gyara murya ta saki:

"Jikan mai kwana kan reshe! Mai sa giwa durƙuso! Ɓauna ta hango ka ta saki zawo!"

Tsoho ya ajiye ƙwaryar kokonsa. "Ni? Yarinya, ni da ko gafiya ban taɓa kashewa ba?"

Ashe kirarin gidan mafarauta ne, maƙwabtan da ba a ga-maciji da su saboda wata ɗorawa da ta fito kan iyaka.

Uwar miji ta taso tana ɗaura zani. "Ke, guduma kike ji tana tashinki da safe ko bindiga?"

Ajike ta turo baki. "Iya, ai yabo yabo ne. Wa zai ƙi a ce ya kashe giwa?"

"To bi katanga, mijinki na can. Su ba ki karin kumallo."

Kafin azahar sai ga cinyar gada daga maƙwabta, wai tukuicin amarya. A gaban kowa aka sa ta mayar da ita a ka.

Da wata ce, da sai ta kama bakinta. Ajike sai ta kama na tsofaffi. Daddawa ce sana'arta, kuma wankin kalwa aiki ne na hannu, kunne yana zaune banza. Duk tsohuwar da ta zauna kusa da turminta sai ta tatse ta tas. Kafin ta yaye ɗanta na fari, Oladokun, wanda ya sa ake ce mata Iya Dokun, babu kakan gidan da ba ta san zuga-zuginsa da abin kunyarsa ba. Don kirarin ba zuma zalla ba ne. Akwai wanda ya ƙera wa gari fartanya, gonarsa kuwa ciyawa ta cinye. Mijinta Lasisi ma bai tsira ba, ta liƙa masa nasa: mai narka ƙarfe da safe, da yamma ya kasa hura murhu. Ya yi fushi, ya huce, daga baya in ta tsallake wurin shi ke tuna mata.

Jariri in ya ƙi shiru, wurinta ake kai shi. Ta saɓa shi a baya, ta jero masa iyayensa tun daga tushe, ta ƙare da sunansa, sai ka ga ɗan banza ya yi lakwas kamar an biya shi. Ƙato mai gemu in zai koma Ikko, ta raka shi bakin mota da kirari, ya shiga yana cewa wai ƙura ce ta faɗa masa a ido.

Yau haƙora sun yi mata ƙaura, matan gidan da suka taso tare duk sun riga ta. Mutuwa ba ta dame ta ba, ta ce tsohuwar ƙawa ce mai jinkiri. Abin da ke hana ta sakewa shi ne babu sauran bakin da ke riƙe da kirarin sai nata. Sai ta sa ido kan Morenike, matar Dokun, malamar asibiti ce, ga ta da tsohon ciki.

Da suka zo hutu ta shimfiɗa tabarma. "Amaryarmu, zauna. Yau za ki san gidan da kika shigo."

Dokun ya shiga tsakani. "Haba Iya, ki bar ta ta huta. Yanzu wa ke wahalar hadda? Ga waya. Ki yi duka a ciki, ko bayan ranki yana nan, ba ya ciwon kai, ba ya mantuwa."

"Au, har ka binne ni?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi, ɗan mai kasa hura murhu."

Morenike ta toshe baki da gyale. Shi kuwa ya dage, yana ta lissafa amfanin wayarsa kamar shi ya ƙera ta, har matan tsakar gida suka bar tuƙin amala suka zo kallo. Abin da tsohuwa ta faɗa masa ne ya sa ya cusa abarsa a aljihu, Morenike kuma ta sauko kan tabarma, take kuma sauka duk zuwan da suka yi.

Ga yadda aka yi: tsohuwa ta karɓi wayar, ta juya ta gaba da baya, ta miƙa masa.

"Ban ga bayanta ba, Dokun. In an haifi ɗanka ya tashi kuka, a ina za ta goya shi?"