Kwalba Biyu a Cikin Safa

Lokacin da na fara zama a Lyon, giyar gida ba ta samuwa ko ta magani. Ina nufin irin wadda muke sha a Kafanchan bayan an taso daga coci, mai ƙatuwar kwalba. Sai a Paris, a wani ɗan shago wajen Porte de la Chapelle, can ɗin ma sai ka taki sa'a. Don haka muka kafa doka: duk wanda ya je Paris zai cusa kwalba biyu a cikin safa ya taho da su, kuma ba a buɗewa sai ranar Lahadi a gidan Baba, a Bron, can gefen Lyon.

Baba dattijo ne ɗan garinmu, tsohon ma'aikacin jinya. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Shi ke rabon, a ƙananan kofunan shayi, yana auna wa kowa kamar maganin tari. Kai, ka ga manyan mutane suna lasar leɓe! Har wani Malam ɗan Damagaram da ba ya sha yakan zo, ya dafa shayinsa yana yi mana tsiya: "Wai wannan ruwan ɗacin kuke yi wa safa? Ni ƙafata ta fi buƙata."

Ana nan sai wani shago a unguwar La Guillotière, nan cikin Lyon, ya fara kawo ta kwali-kwali. Murna har kunne. Na cika firjina, na sha na ƙoshi, sai na ji ashe giya ce kawai, har ma ta cika gas. Kowa ya samu tasa a gida, Lahadin Baba ta fara mutuwa. Yau wannan yana da uzuri, gobe wancan.

Wata Lahadi na leƙa shi. Na tarar ya wanke kofunan ya jera a faranti, babu kowa. Wallahi abin ya sosa mini rai. Ya ce, "Ɗana, ta Guillotière ɗin nan ba ita ba ce. Ta Paris daban take."

Na san kwali ɗaya ne, amma na yi masa sallama na tafi. Da na koma gida na bi mutanenmu da waya, na ce zan kawo ta Paris, ta ainihi. Paris kuwa ban je ba, aiki ya hana. Na saya a Guillotière, na cusa a safa, na hau taram, jirgin ƙasan cikin gari.

Na riga kowa isa. Baba ya zaro kwalbar yana juya ta, sai ga 'yar takardar shagon manne a gindinta, da sunan unguwar ɓaro-ɓaro. Ya dube ni, ya sa farce ya kankare ta tas, ya jefa a aljihu.

Mutane suka cika ɗakin, har da Malam da butar shayinsa. Baba ya raba, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Yauwa! Kun ji bambanci?"

Kowa ya ce ya ji. Ni ma na kurɓa, kuma ban yi ƙarya ba, ta fi ta firjina daɗi nesa ba kusa ba. Da zan tafi, Baba ya miƙo mini safar ya ce, "Mako mai zuwa ma ka je Paris ɗin."