Kwana Ukun Inna Ludayi

Shekara ashirin da bakwai Inna Ludayi ta yi tana dafa wa 'yan makarantar kwana abinci. Ɗalibai ne suka raɗa mata sunan, don ko faɗa za ta yi da ludayi take nuni, sunan kuwa ya bi ta har gida, jikokinta ba su san tana da wani ba. Tukwane huɗu take ɗorawa kowace safiya, kowace za ta iya haɗiye ɗan aji ɗaya da jakarsa. In ta taso aiki, 'ya'yanta biyar na jiran tukunyar gida. Marigayi mijinta yakan ce bai taɓa ganin ta ci abinci a zaune ba, kullum a tsaye, kuma sai ya huce.

A bangon kicin ɗin makarantar akwai wata tsohuwar kalanda da hayaƙi ya dafe, mai hoton wani birni: ganuwar dutse, gada mai baki uku, gidaje sun hau kan juna. Ba ta taɓa yarda a cire ta ba. Da ta ajiye aiki, autarta mai aikin jinya ta tambaye ta abin da take so a yi mata. Ta ce garin nan take son gani.

"To, sai in ɗauki hutu in raka ki."

"Ba rakiya na ce ba. Ki sa ni a mota kawai. Kwana uku nake so, kada kowa ya tambaye ni inda gishiri yake."

Otal ɗin da autar ta kama mata tsohon gidan wani ɗan kasuwa ne aka gyara, ɗaki takwas kacal, cikin lungun da mota ba ta shiga. Ƙofarsa ta katako ce mai manyan ƙusoshi, a tsakar gida ga bishiyar lemo da tebura biyar. Matar da ke da otal ɗin, wata mai tabarau da ba ta da yawan magana, ita ta kai ta ɗaki na huɗu a sama. Bango mai kauri, taga mai murfin katako tana kallon shagon wani mai gyaran takalma, sai gado fari ƙal wanda mutum uku za su kwanta ba su taɓa juna ba. Inna Ludayi ta daɗe a tsaye kafin ta iya zama a bakinsa.

Da safe aka zaunar da ita ƙarƙashin bishiyar. Hancinta ya gaya mata ƙwai ya kusa ƙonewa a kicin, har ta ɗaga daga kujera, sai ta riƙe gefen tebur ta koma ta zauna. Aka kawo shayi, burodi mai ɗumi, zuma, da ƙwan, wanda bai ƙone ba. Ta ci a hankali, tana hura kowace loma. Daga nan ta fita. Ta taka gadar daga wannan baki zuwa wancan, ta shafa duwatsun ganuwa, ta ɓata sau biyu a lunguna, ko a jikinta, tunda babu mai jiran ta.

Tana dawowa babban ɗanta, wanda ko ita Injiniya take ce masa, ya kira.

"Inna, ashe Anti Gajera a garin take! Na gaya mata kin zo. Ta ce wannan abin kunya ne, tana nan tafe ta ɗauke ki."

"Injiniya, wa ya aike ka?"

"Haba Inna, ki kwana a otal kamar marar dangi?"

Ta kashe wayar. Gajera 'yar kawunta ce, ita ta zauna da ita wata guda lokacin da ta haifi shi wannan Injiniyan, ba wadda za a ce wa a'a ba ce. Amma ta san gidan: mutum goma sha ɗaya, kicin ɗaya. In ta sa ƙafa a can, kwana biyun da suka rage mata sun tafi cikin tukunya.

Ba a yi awa ba ta ji ana haki a matakala. Gajera ta turo ƙofa, mayafi ya zame, hannu na warin albasa, waya na kuka a jaka.

"Yaya, me na yi miki? Ki shigo garina ki ɓuya a gidan haya, sai a bakin yaro zan ji? Ina jakarki?"

"Ki fara gaishe ni mana, 'yar guntuwa. Har yanzu ba ki ƙara tsawo ba?"

"Ke da kika yi tsawon me kika tsinko? Tashi mu tafi, na sa an gyara miki ɗakin yara."

"Su yaran fa?"

"Za su matsa."

Ta riga ta cafke jakar. Inna Ludayi ba ta ƙwace ba, ta dai dube ta.

"Gajera, tsakaninki da Allah, in na bi ki, minti nawa zan yi kafin in shiga kicin?"

"Wa zai bar ki ki shiga kicin? Baƙuwa guda?"

"Na ce tsakaninki da Allah."

Gajera ta ce, ƙasa-ƙasa, "To ai na riga na gaya wa maigidan yau zai ci girkin gwanaye." Su biyun suka fashe da dariya.

"Kin gani? Ba gudunki nake ba, 'yar'uwa. Yau da safe na ci ƙwai da zafinsa, a zaune, wani ya kwashe kwanon. Saura min safiya biyu. Ki bar min su."

"Mutane fa? Me za su ce?" Gajera ta ajiye jakar, ta zauna a bakin gado don ta cire takalmin da ya matse mata kumburarriyar ƙafa. Ta danna katifar da tafin hannu, ta sake dannawa. "Wannan katifa ce ko gajimare? Ni dai ban yarda ba, Yaya. Bari in miƙe bayana kaɗan, sannan mu yi maganar da kyau. Don wallahi in babana na raye..."

Ba ta ƙarasa ba. Kanta na taɓa matashi numfashinta ya sauya. Inna Ludayi ta cire mata ɗaya takalmin, ta ja murfin taga. Wayar jakar ta sake ɗaukar kuka, Inna Ludayi ta ɗauka. Wata budurwa ce: "Mama, ina kika ajiye murfin babbar tukunya? Kuma Baba ya ce..."

"Ba Mama ba ce, yayarta ce. Tana kan wani muhimmin aiki. Murfi kuwa ku buɗe ido ku duba, ba ya tafiya da ƙafarsa."

Ta sauka ta roƙi mai otal shayi na mutum biyu, amma a jinkirta na ɗayan. Ta dawo ta zauna a bakin taga, tana leƙen mai gyaran takalma ta tsagar katako, yana ɗinki yana gardama da rediyonsa.

Sai da rana ta yi sanyi Gajera ta farka, zanen matashi a kumatunta. Ta sha shayin, ta sa takalmi, ta gyara mayafi a madubi. Jakar kuwa ko kallonta ba ta yi ba.

"Zan ce musu kin yi taurin kai, na yi na yi kin ƙi."

"Faɗa musu."

A bakin ƙofa ta juyo. "Amma kada ki ɗauka na haƙura. Gobe ma zan dawo in lallashe ki. Kamar ƙarfe ɗaya haka."

"Ki zo da wuri," in ji Inna Ludayi. "Lallashina na cin lokaci."