Tijani da Ƙafar Mma Abibatu

Marigayi Tijani, Allah Ya jiƙansa, a unguwar Nima aka haife shi, a wani gidan haya kusa da babbar kwata. Babansa daga Bawku ya zo, dako yake yi a kasuwa. Tijani ya taɓa boko kaɗan, ya koyi gyaran rediyo bai ji daɗinsa ba, sai ya hau okada, kuma a kanta ya shekara goma sha huɗu. Mutum ne marar hayaniya. Zafin inji ya cinye gashin ƙwaurinsa, fatar ta yi baƙi tana sheƙi, amma ba mu taɓa jin ya koka ba.

Akwai wata tsohuwa a Maamobi, Mma Abibatu, mai koko da ƙosai. Ita ta goya shi yana jariri in uwarsa ta tafi kasuwa. Ciwon suga ya kashe mata ƙafa, ko ƙusa ta taka ba ta ji. Tijani bai san da haka ba.

Wata rana a watan Maris ya ɗauko ta daga wajen suna a unguwar Madina, rana na tsaka. Ta hau ta gefen kwata kamar kowa, wato ta dama, inda salansa yake. Ta zauna a karkace saboda zani, ƙafafunta biyu gefe guda. Cunkoson motoci ya riƙe su a hanya. Shi injin babur iska ce ke sanyaya shi, in ba tafiya ba iska. Tijani na ɗaga ƙafa yana saukewa don zafi, ita kuwa tana ta ba shi labarin yadda aka yi rowar nama a wajen sunan. Sai da suka isa gida 'yarta Fauzia ta ga zanin ya manne a ƙafar. Da ta ɗaga, fata ta biyo shi.

Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce ƙunar mai suga ba ta son warkewa, sai a kawo ta wankin ciwo duk bayan kwana biyu. In wurin ya yi baƙi, za a yanke ƙafar daga gwiwa.

Lungunsu mota ba ta shiga, tsohuwar kuma ba za ta iya takawa zuwa titi ba. Babur ɗin da ya ƙona ta shi ne dai zai kai ta. Fauzia ta ce ba ta yarda ba. Tsohuwar ta ce, “Ke rufa mini baki. Ni na goya shi, yanzu shi ma ya goya ni.”

Tijani ya kai babur wurin mai walda, aka yi wa salansa keji na ƙarfe, ya ɗaure katako a kai. Kujera kuwa, tunda rana na gasa ta, ya samo buhun algarara yana jiƙawa yana shimfiɗawa, ya ɗora tawul a sama. Kullum sai ya juya babur ta hau ta hagu, ko da zai tare wa mutane hanya. In cunkoso ya tsaya cak, ya kashe inji ya sauka, ya riƙa turawa tana kai, gumi na zuba ta cikin hular kwano. Duk inda suka tsaya sai ya kai bayan hannu ya taɓa katakon, sannan ya durƙusa ya duba ƙafar.

“Mma, kina jin zafi?”

“Da ina ji, ja'iri, da mun zo nan?”

'Yan uwansa masu okada suka same shi abin dariya. Tajudeen, wanda suke tsayawa tare a bakin kasuwar Nima, ya kan ɗaga murya ya ce, “Ga motar asibiti nan! Tijani, saura ka sa jiniya!”

“In na sa, kai zan fara ɗauka,” in ji shi, ya wuce.

A mako na biyar gefen ciwon ya yi duhu. Likita ya daɗe yana kallo, ya ce a dawo jibi tare da babban ɗanta. Tijani ya gane abin da ake nufi. Ran nan da ya sauke ta bai koma aiki ba, ya zauna a dakalin masallaci har la'asar. Da muka yi masa magana sai ya ce, “Ƙafar da take tsayuwa a kai ta soya ƙosai fa.”

Ranar da suka koma, aka kankare mataccen naman, sai ga jini ja ya fito. Likita ya ce a ci gaba da wanki. Suka ci gaba har ruwan Yuni ya sauka. Ranar ƙarshe aka cire bandeji, tabo kawai ya rage, faɗin tafin hannu. Tijani ya juyo babur don ta hau, ta ture hannunsa.

“Yau da ƙafata zan shiga lungu. Ajiye ni a titi.”

Ya ajiye ta a titi, ya bi ta a baya yana tura babur har ƙofar gida.

Bara ciwon ciki na kwana huɗu ya ɗauke mana shi, ya bar mata da 'ya'ya uku. Allah Ya sanyaya masa makwanci.