Salansar Ɗan Fari

Ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, kuma ba yau zan fara ba. A bakina “wancan” ne, in an matsa mini in ce “mai motar”. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka tata uwar ta yi. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi. Ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya yake ce mini har furfura ta fara tsiro masa a gemu. Ranar Juma'a in ya zo gaisuwa sai ya tsuguna a bakin ƙofa, ni ina duban faifai ina tsince wake. “Yaya, ina wuni?” “Lafiya.” “Ya gida?” “Lafiya.” Ya ɗan zauna, ya ajiye abin da ya kawo, ya tashi. Ban taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba.

Ƙauyenmu a bakin kwalta yake, tsakanin Tudun Wada da bakin dajin Falgore. Shi a Tudun Wada yake zaune da iyalinsa. Farar a-kori-kura gare shi, yana ɗauko masara da dankali daga Doguwa, wani lokaci ya zarce da su har Ɗangora. Kullum sai ya ratsa dajin nan, tafiya da dawowa, kuma kowa ya san abin da ake faɗa a kan ɓarayin hanyar. Ba ya tsayawa a wurinmu, don motar cike take, ga masu kaya zaune a kan buhuna kowa na son isa kafin magariba. Yana wucewa ta ƙofar gidana ban sani ba. Motoci irin tasa sun fi a ƙirga, duk kukansu ɗaya. In la'asar ta yi sakaliya sai hankalina ya koma hanya, tuwon dare ma in ture shi, kuma ba wanda zan tambaya. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce, ɗan farina ya wuce kuwa?

Ɗan ƙanena mai walda ne, rumfarsa a jikin katangar gidanmu take. Taubashin wancan ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Katangar tana da wata tsaga da damina ta bari, na hana a liƙe ta, na ce iska nake sha. Wata safiya ina shara na ji an faka mota a rumfar, na leƙa. Wancan ne ya sauko da wani dogon abu a naɗe cikin buhu. Da ya kwance sai ga bututu yana ƙyalli kamar kwanon jeren amarya, cikinsa ya kumbura kamar tulu, ga baki biyu a ƙarshe.

Mai walda ya riƙe ƙugu. “Kai bawa, wannan salansa ce ko bindigar tauri?”

“Daga Kano na ɗauko ta. Inji zai samu numfashi. Ka san hawan nan na Doguwa, da giya ɗaya nake gama shi.”

“Numfashin lafiya? Faɗi gaskiya, masu tallan gyaɗa kake so su waiwayo. Da gemunka!”

“Ni dai ɗaura mini, malam. In ba ka iya ba in kai wa masu sana'a.”

Suka hau da ƙafafun gefe ɗaya kan bakin kwalbati, motar ta karkace, mai walda ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Tsohuwar salansar ta ci tsatsa, notunan suka ƙi motsi. Ya zuba musu baƙin mai, ya buga, ya yi zagi, a ƙarshe ya ɗauko zarto ya yanke ta. Ta faɗo ƙasa tana zubar da baƙin gari. Sai kuma sabuwar ta ƙi shiga, bakinta ya fi na bututun motar faɗi. Ya tsaga bakin, ya yi ta bugu da guduma a kan wani guntun ƙarfe har ya tsuke, ya zura, ya ce wancan ya riƙe masa da ƙafa. Ya ta da janareta, ya kare ido da baƙin gilashi, wuta ta riƙa tartsatsi. Wancan kuwa yana kwance a ƙasa da farar rigarsa, tartsatsin na zuba kusa da idon sawunsa. Na ga bai janye ƙafar ba. Na ce a raina, taurin kai irin na ubansa. Da suka gama liƙi suka yanko roba daga tsohuwar taya suka rataye bututun da ita, kada ya riƙa dukan jikin motar.

Da wancan ya murza makulli, na ɗauka katangar ce ta faɗo. Kaji suka watse, akuyata ta tsinke igiya, jaririn maƙwabta ya tsala ihu. Liman ya fito daga zaurensa da carbi a hannu yana tambayar ko lafiya. Su biyun kuwa dariya suke har da riƙe ciki. Ya ba ta wuta ta yi gurnani, ya saki ta yi fat-fat-fat kamar gugguru a kasko.

Na yafa mayafi na fita. Na tsaya a gaban mai walda, wancan yana gefe ya sunkuyar da kai.

“Ka gaya wa mai motar, garin nan da mutane a ciki.”

“Gwaggo, ai ga shi nan, yana jin ki.”

“Da kai nake. Ka gaya masa wanda ya girma ya girma.”

“To, bawa, ka ji saƙo. An ce ka girma.”

Na koma ciki ina faɗa, har na huce a kan akuya.

Washegari da yamma ina bakace a tsakar gida, sai na ji shi. Can nesa, tun daga gangaren da ke bayan gada, wani gurnani ƙasa-ƙasa wanda babu motar da ke yin irinsa. Hannuna ya tsaya da faifai a sama. Ya matso, ya sassauta a gada ya yi fat-fat ɗinsa, ya sake ɗauka, ya wuce ta ƙofar gida har kwanuka na rawa, ya yi ta raguwa ta wajen Tudun Wada har ya ɓace. Na ce da ƙarfi, yadda matan gida za su ji, “Ga mahaukacin nan ya wuce. Allah ya shirya.” Suka yi dariya. Daren nan na cinye tuwona har na suɗe kwano.

Yabo da tambaya an hana ni, amma faɗa ba wanda ya hana uwa. Kullum sai na yi masa faɗa sau biyu, da safe in ya nufi daji, da yamma in ya fito. Matan gida har jira suke su ji wace za ta fito daga bakina yau. Kunnena ya koyi abin nan kamar yadda ake koyon tarin miji. Na san in motar cike take, don kukan yakan yi nauyi. Na san in wayam ya dawo, kasuwa ba ta yi ba. In ransa a ɓace yake ba ya sassautawa a gada. Wata rana ya yi latti har an kira magariba, na tayar da salla, ina raka'a ta biyu na ji gurnanin. Allah ya gafarta mini, ban san surar da na karanta ba. Damina guda da kaka guda na yi a haka. Tun da na haife shi ban taɓa samunsa kamar wannan lokacin ba.

Akwai burtali gaba da gada kaɗan, inda shanun Fulanin rugar yamma ke tsallaka kwalta. Wata yamma ya fito daga kwana suna tsakiyar hanya, ya ɗaga ƙafa daga totur, abin ya yi fat-fat ɗin nan kamar harbi. Garken ya watse. Wata karsana ta afka kwalbati ta karye, dole aka yanka ta. Maganar karsanar maza suka yi ta a tsakaninsu suka gama, ban shiga ba. Amma bayan kwana biyu dattijon rugar ya yi sallama a zaurenmu ya ce ni yake son gani. Tun maigidana na da rai shanunsa ke kwana a gonarmu da rani suna bar mana taki, matarsa kuma ƙawata ce. Na zauna daga bakin ƙofa ta ciki. Liman na nan, da mai walda, da wasu dattawa biyu.

Bayan gaisuwa mai tsawo ya ce, “Hajiya, ba ƙara na kawo ba. Yaron nan namu ne. Abin da nake roƙo, in ya kusa burtali ya lallaɓa ta tun daga nesa, kada ta yi harbin nan. Shi ke nan. Na'i, shanun nan, ba su san mota ba ce, bindiga suke ji.”

Liman ya ce wannan magana ta yi. Dattawa suka gyaɗa kai. Duk suka juyo suna jiran ta bakina.

Da ɗana na biyu ne ko auta, sai in ce na gode, za a gaya masa. Amma mutum ya yi asarar dabba, ya tako har zaurena ya yi mini kara. In na karɓi sauƙin da ya miƙo, gobe a bakin rijiya za a ce wance ta tsaya wa ɗan farinta a gaban maza. Wanda ya yi maka kara, kai ma kara za ka mayar masa, har ka ɗara.

Na ce, “A cire ta.”

Dattijon ya ce, “A'a, Hajiya, bai kai nan ba.”

“Ya kai. Wanda ya ɗaura shi zai cire.”

Mai walda ya dube ni ta gefen ido. “Gwaggo, a cire ɗungurungum?”

“Kurma ne kai?”

Na san halin wancan. Tun yana yaro in kakarsa ta ce gabas sai ya leƙa yamma. Na sa rai zai turo taubashinsa da magiya, ko matarsa, ko ya yi ta ja har maganar ta bi ruwa. Da an roƙe ni sau biyu, sai in ce ku kuka sani. Amma maganar kaka daban, tawa daban. Ban taɓa sa shi wani abu ba tun da yake, wannan ne na farko. Washegari da hantsi ya kawo motar. Ta tsagar katanga na ga an sake hawa kwalbati. Ba wanda ya tsokani wani. Zarto ya ci liƙin da aka sha wahalarsa, aka ɗaura wata baƙa ta gwanjo. Da ya tayar, ko kazar da ke kiwo a gindin taya ba ta ɗaga kai ba. Ya leƙo zaure ya ce, “Yaya, an cire.” Na ce, “To.”

Abin da na yi daidai ne, ko yau aka sake zama a zauren nan haka zan faɗa. Sai dai la'asar ta koma yadda take a da, har ta fi, don a da ban san akwai wani abu ba.

Mai walda ya rataye bututun a rumfarsa ya yi watanni, har wani yaro ɗan garin Yako mai ɗaukar rake ya saye shi. Ban sani ba. Ina tankaɗe na ji gurnanin daga bayan gada, na miƙe tsaye, rariya ta kife. Na kai bakin zaure ba mayafi, abin da ban taɓa yi ba. Wata jar mota ce ta wuce, da wani siririn yaro a ciki.

Na tsaya a rumfar na ce, “Wannan kuma ɗan waye?”

Ya gaya mini. Na tambayi ko wace ce uwarsa, da ko yana da aure, da ko an gargaɗe shi kan burtali. Ɗan wani ne, ina da damar tambaya har in gaji. Tun daga ranar, in yamma ta yi nakan leƙa rumfar.

“Yaron nan na Yako ya fito daga daji kuwa? Ban ji shi ba.”

Mai walda ba ya ɗaga kai daga aikinsa. “Yau bai bi ta nan ba, Gwaggo. Amma farar ta wuce tun ɗazu. Bawan nan ya ɗaga mini hannu.”

“Wa ya tambaye ka?”

“Ba kowa.”

Wata rana yana nan ya gani, wata rana ya tafi ɗaurin aure ko sayen ƙarfe, rumfar a rufe. Ran nan sai in ɗauko tabarma in shimfiɗa kusa da tsagar, in zauna da carbi. Fararen motoci suna ta wucewa, idona kuma ya yi rauni, ba na rabe direba da fasinja. Kowacce ta gifta sai in ce Allah ya kai lafiya, har a kira salla in tashi.