Sa Hannun da Na Gyara

Ina da shekara arba'in da uku na fara riƙe bik, wato biro, da niyyar rubutu. Kafin nan dangwale nake yi da babban yatsa, tun daga Damagaram har nan Greensboro ta Amurka. Wata takwas kacal a ajin manya, sai kaina ya kumbura. Duk rubutun da na gani sai na nemo masa aibi, har na malamar da ke koya mana.

A lokacin ina aikin shara da goge-goge a unguwar Irving Park, gidan wani tsohon Bature da matarsa ta rasu. Baba nake ce masa, yana amsawa. A ɗakin karatunsa akwai ƙwallon besbol cikin akwatin gilashi, ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Ya sha ba ni labarinta: yana ƙarami mahaifinsa ya kutsa cikin taro, ya sa wani shahararren ɗan wasa ya sa hannu a kanta, ya kawo masa. Abin da ya rage masa na uban ke nan.

Ni kuwa abin da na gani shi ne rubutu ya koɗe, kuma duk shaharar ɗan wasan nan ba a koya masa rufe bakin "a" ba. Wata Talata ina kakkaɓe ƙura na buɗe akwatin, na ciro shuɗin bik ɗina, na bi sunan harafi bayan harafi, harshe a waje. Na rufe masa "a" ɗinsa. Na mayar da ita ina jin na yi sadaka. Idon Baba ya yi rauni, bai lura ba.

Bayan wata biyu ya ce jikarsa zai bar wa ƙwallon, sai ya kira wani mai tantance irin waɗannan kaya daga titin Elm Street. Mutumin ya zo da farar safar hannu da gilashin ƙara girma. Ina bakin ƙofa da tsummana, wai ina jiran yabo.

Ya duba fata da ɗinki, ya ce ƙwallon dai ta zamanin ce. Ya kai gilashi kan sunan, ya daɗe.

"Yallaɓai, sai haƙuri," in ji shi. "Mai sa hannun na gaske a guje yake yi, ba ya tunani. Wannan hannun yana tafiya yana tsayawa, yana danna alƙalami. Kwaikwayo ne."

Baba ya zauna a hankali. "Ashe babana da kansa ya rubuta," ya ce. "Ni kuma tun ina yaro nake ba mutane labari."

Aikin nan shi ke riƙe da gidana, kuma da na yi shiru ba wanda zai sani. Amma a gabana ake mayar da mamaci maƙaryaci.

"Baba, kada ka ɗora wa ubanka. Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na bi shi da bik. Ya koɗe ne. Kuma, tsakani da Allah, mutumin nan rubutunsa ba kyau."

Mai tantancewa ya dube ni kamar na yanka masa ɗa. Ya kunna 'yar fitila, ya sake sunkuyawa. Can ya nuna wutsiyar harafin ƙarshe, inda hannuna bai kai ba: tsohuwar tawada ce, siririya, ta wuce fiu. Ya ce na ƙasan na gaske ne, amma yanzu ba mai tara irin kayan nan da zai ko kalle ta.

Baba bai saurari ƙarshen maganar ba. Ya karɓi ƙwallon da hannu biyu. "Ke nan babana ya shiga taron," ya ce, ya maimaita har sau uku. Ni ko kallona bai yi ba.

Ran Juma'a 'yarsa ta bugo waya ta ce in ajiye makulli, kada in sake zuwa. Ban yi musu ba. Wanda ya san bakina ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.