Katin Kaka a Bakin Taliya

Har yau in na ji ƙanshin kwaɓaɓɓen lalle, kakata nake tunawa, wadda ta haifi babanmu. Ina yarinya lokacin, muna zaune a gidanmu na gado a Azare, saura 'yan makonni a yi zaɓen shugaban ƙasa, sai aka sa bikin yayata.

Kun dai san ranar ƙunshi. An baje tabarmi a tsakar gida, dangi sun zo daga Itas da Hardawa, kowa na miƙa hannu da ƙafa. Kaka kaɗai ta cusa hannayenta cikin mayafi. Ta ji a rediyo wai na'urar tantance masu zaɓe takan ƙi yatsan da ya sha lalle, ga shi dama zanen yatsunta ya goge da matsar ƙuli-ƙuli. Mata suka sa ta gaba da tsiya, wai ko shugaban ƙasar ne zai aure ta. Amarya har kuka ta yi. Kaka ta ce a yi haƙuri, biki kwana uku ne, wanda za a zaɓa kuwa shekara huɗu zai yi a kanmu.

Ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ta binne 'ya'ya biyu a ƙauyensu can wajen Katagum, saboda kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ita saboda wannan take fita zaɓe. Kullum sai ta shafa wa babban yatsanta man kaɗanya, tana lallaɓa shi kamar jariri.

Ranar zaɓe ta yi wanka da sassafe, ta ɗaura zanen sallarta, ta nufi ɗakin baffanmu, ƙanen babanmu, don shi ke ajiye katunan zaɓen matan gida a akwatinsa tare da takardun gona. Ya fito yana sosa ƙeya. Ashe ya tattara su kaf ya miƙa wa wasu mutane da suka sauke masa katan-katan na taliya da sabulu a zaure, wai sai bayan zaɓe za su dawo da su. Har da na uwar da ta haife shi.

"Inna, ƙuri'arki ɗaya me za ta canza?" in ji shi.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Da ba ta canza komai, da ba su biyo ta har zaure ba."

Duk da haka ta tafi rumfar zaɓe, ta sha rana har azahar, aka ba ta haƙuri, babu kati babu ƙuri'a. Da yamma aka dafa taliyar da manja da yaji. Kaka ta sha kununta ta shige ɗaki. Ni kuwa na ci, har ƙari na nema.

Yanzu ma ba a ɓoyewa. A gefen layi ake cinikin ƙuri'ar, da rana tsaka, har da masu digiri. Waɗanda ba su sayar ba suna ƙarƙashin dalbejiya suna danna waya, wai ai an riga an gama. Baffa ya tsufa, yana ƙofar gida kullum yana tsine wa shugabanni, ko kunya babu. Ni dai katina ba ya kwana a akwatin kowa, ko na mijina, kuma ina bin layi ko da goyo ne.

Na Kaka an dawo da shi bayan mako biyu. Ta goge shi da bakin zane, ta ƙulle a cikin lalitarta, ta ce sai na gaba. Ba ta kai ba.