Goggo Mai Tafireta da Sauran Shafi Saba'in da Uku

Da sassafe take isowa, ta buɗe kwaɗo, ta yaye ƙyallen da ta lulluɓe tafiretarta da shi kamar mai tayar da jariri daga barci. Ta ɗiga mata mai, ta hure ƙurar da ta kwanta tsakanin haruffa, sannan ta goge dogon bencin da ke jikin bango, ko da ba mai zama. Shekara talatin da ɗaya ke nan Goggo mai tafireta tana haka, a ɗan shagonta da ke tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da igiya.

Da buga takardun neman aiki take cin abinci. Amma duk wanda ciwon rubutu ya kama a unguwar, wurinta yake kawo kayansa, saboda wata ɗabi'a tata: ba ta buga shafi sai ta karanta shi da ƙarfi, mutanen benci suna ji. Akwai tela mai waƙoƙi, da wata ma'aikaciyar jinya, da malamin lissafi mai labaran soyayya, da wasunmu da ba mu kai a ambata ba.

Wata rana ta ɗago kai ta dubi malamin lissafi. "Malam, matar da ka binne a shafi na tara, wa ya tono ta take wanke-wanke a na ashirin?"

"Goggo, ai tagwaye ne."

"To je ka haifo ɗayar tukuna, sannan in buga."

Aka yi ta dariya har mai rediyo ya leƙo. Malam ya yi fushin kwana biyu, ya dawo da gyara.

Da kamfanin ɗab'i ya maido wa tela waƙoƙinsa ba tare da an buɗe ambulan ba, ya tara su a bayan shagonsa ya cinna musu wuta. Sai da shekara ta zagayo, ya fara cizon yatsa, Goggo ta jawo akwati daga ƙarƙashin tebur ta miƙa masa kwafin kabon. Ashe duk abin da ta buga tana ajiye na biyu. "Na san halinku," in ji ta. "Kowannenku da ashana a aljihu yake yawo."

Ke ce rumfar da muka sha inuwa ba mu tambayi wanda ya kafa ba, Goggo. Littafi goma sha huɗu suka bi ta ƙarƙashin yatsunki, ba ko ɗaya da ya ɗauki sunanki.

Yanzu benci ya watse. Tela ya rasu, ma'aikaciyar jinya ta bi 'ya'yanta wani gari, sauran sun koma shagunan kwamfuta, inda ake buga maka rubutu ba a san me ka ce ba. Mutum ɗaya ya rage: Mai Awo, wanda ya yi rayuwarsa yana auna ruwan sama da wani gwangwani mai zane. Shekara goma sha tara yana rubuta labarin damunan da ya gani da mutanen da damunan suka ci. Rubutunsa kamar kaza ta yi tono a rairayi. Ko matarsa ba ta iya karantawa, Goggo kaɗai ta san kansa. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Kullum matar ke turo shi a keke ta ajiye shi a bakin ƙofa. In Goggo ta karanto daidai, ya bugi hannun keken sau ɗaya. In ta kuskure, sau biyu.

Ita kuma hawan jinin ido ya kama ta, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. A cikin shago ba ta ganin komai a takarda. Sai rana ta take, ta fito da shafi tsakiyar titi, ta kanga shi dab da hancinta, ta haddace layi biyu, ta koma ta buga da ka, ta sake fitowa. Shafi ɗaya a yini, in an dace. Saura saba'in da uku. An gwada ɗaukar hoton shafukan aka kai wa masu kwamfuta, suka ce ko wannan taswira ce.

Ranar Talatar da ta wuce ta fito da takarda kamar kullum. Ta juya ta nan, ta juya ta can, ta daɗe. Sama tas take, ko gizagizai babu.

"Mai Awo, hadari ne ya taso?"

Ya ɗaga kai ya dubi samaniya. Ya bugi keken sau ɗaya.

"Kai dai ba ka iya ƙarya ba, tsohon banza," in ji ta. "Rana tana dukan ƙeyata." Ta tsaya a wurin da takardar a hannu, masu babur suna kauce mata. Matarsa ce ta je ta kamo hannunta. Ranar ba a buga ko harafi ba. Washegari ta samu layi huɗu.

Mun gode, Goggo. Allah ya saka miki, don mu kam mun gaza, kuma mun makara. Gare ku masu karatu, ba na roƙon a yi mata biki ko a ba ta lambar yabo. Mai lafiyar ido ɗaya ake nema, mai haƙuri, ya zo ya zauna kusa da ita ta koya masa tonon kazar nan tun tana iya nuna harafi da yatsa. Na faɗi haka a wurare uku, kowa ya ce wallahi abin tausayi. Har yau da nake rubuta wannan, ba wanda ya zo.